Katin Mata Bakwai

Rariya ba ta ƙara idan tana aiki. Sai dai ka ga bangon gilashin da ke tsakiyar ofishin ya cika da rubutu, layi na bin layi suna gangarowa suna ɓacewa a ƙasa, har wani ɗan abu ya rage a sama. Abin da ya rage shi mutum zai karanta. A safiyar wata Talata ta shekarar 2094, takardu dubu goma sha ɗaya aka zuba mata. Kafin shayin Haladu Tanimu ya huce ta tankaɗe su tas, ta bar masa shafi biyu da koren haske.

Haladu jami'i ne a Hukumar Sa Ido kan Haɗakar Asibitoci ta birnin Dutsen Marke. Dokar jiha ta ce babu asibitin da zai sayi wani ko ya haɗe da shi sai Hukumar ta duba, ta tabbatar ba za a cuci marasa lafiya ba. A da mutum talatin ne ke wannan aiki, suna bin unguwa-unguwa, suna shan rana, suna sauraron ƙorafin tsofaffi har kunne ya gaji. Da aka kawo na'urar da aka raɗa wa suna Rariya, sai aka ga talatin ɗin sun yi yawa. Aka bar Haladu shi da babban yatsansa, don doka ta nace sai ɗan Adam ne zai danna hatimi.

Abu uku Rariya ke dubawa: ko magani zai ƙara tsada, ko asibiti zai yi wa mutane nisa, ko gadaje za su ragu. Duk takardar da ba ta taɓo ɗaya daga cikin ukun nan ba, ƙasa take sakin ta. Rariyar gida dai kowace mace ta san gari take saki ta riƙe tsaki, amma wannan babu wanda ya taɓa sunkuyawa ya duba me take saki.

Kamfanin Garkuwar Rai ne ke neman sayen Asibitin Unguwar Marina, wani ɗan asibiti mai gado goma sha biyu a tsohon gari. Shi ne na arba'in da ɗaya da za su saya, kuma shi kaɗai ya rage ba a hannunsu ba. Rariya ba ta damu da wannan ba, don kowane ciniki shi kaɗai take dubawa, ba ta haɗa na jiya da na yau. Abin da kamfanin ke taƙama da shi wata ƙwaƙwalwar na'ura ce mai suna Kundi, wadda ke riƙe da tarihin lafiyar kowa, take kuma juya gadaje masu hannuwan ƙarfe da ke yin allura da tiyata. Alkawarinsu shi ne, da zarar an yi maka gwaji sau ɗaya, ba za a sake huda ka don a maimaita shi ba. Wannan ya burge Haladu ƙwarai, don matarsa Rakiya tsoron allura gare ta kamar me. Ya kurɓi shayi, ya ɗora yatsa, hatimi ya zauna.

Bayan wata uku, da hantsi, wata tsohuwa ta shigo ofishin tana jan jaka a ƙasa tana haki. Haladu ya gane ta nan take. Sista Larai ce, nas ɗin da ta yi shekara arba'in a Asibitin Marina kafin sababbin masu wurin su sallame ta da takardar yabo. A unguwar aka haifi Rakiya, kuma a hannun matar nan ta faɗo duniya.

"Mijin Rakiya, ashe kai ne a nan?" in ji ta. "Wasiƙa uku na rubuto wa ofishin nan kafin a sayar da mu."

"Wasiƙa, Sista? Wallahi ko ɗaya ban gani ba."

"Na san ba ka gani ba. Shi ya sa na kawo ƙafata."

Ya jawo mata kujera. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta zuge jakar. Katunan asibiti ne na takarda, ɗaruruwa, an ɗaure su da roba, gefensu ya yi baƙi don sha hannu. Asibitin Marina ne na ƙarshe a birnin da ke rubutu da biro, har ana yi musu dariya a kai.

"Ka san matan unguwarmu," ta ce. "Ciwo ya kama mace da rana tsaka, maigida ba ya nan, wa zai tsaya ɗaukar hoto da cike takarda? Sai ta leƙa ta katanga ta ce, 'Wance, ara mini katinki.' Haka muka taso muka tarar. Kati ɗaya sai ka ga mata biyar, shida, har bakwai suna zuwa da shi. Ni ban taɓa korar kowa ba, tunda na san fuskokinsu."

"To yaya kike bambance su?"

Ta zaro kati ɗaya ta ɗora a kan teburinsa. A gefen kowane layin rubutu akwai ɗan ƙaramin zane, bai kai ƙwayar wake ba.

"Ka ga allurar nan? Matar tela ce. Ludayin nan, Asabe mai koko. Wannan kuwa tsintsiya, wata mai shara ce a makaranta. Duk abin da na rubuta, sai na zana mai shi a gefe. Duk nas ɗin da ta zo aiki wurinmu, sati ɗaya take yi ta haddace su." Ta nuna bangon gilashin da haɓa. "Ka ce wa abin nan naka ya nuna maka yadda katin nan ya shiga cikin Kundi."

Haladu yana da izinin duba duk wani fayil. Ya faɗi lambar, hoton ya fito. Rubutun Sista Larai na nan daram, amma gefen takardar fari fat. A can ƙasa an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa an goge tabo da datti ashirin da uku yayin ɗaukar hoto.

Mata shida sun shiga na'ura sun fito mace ɗaya, mai hawan jinin wannan, da ciwon sukarin waccan, da haihuwar wata.

"An cuci wani?" ya tambaya, muryarsa ta yi ƙasa.

"Makon jiya muka binne Asabe. Akwai allurar da jininta bai karɓa, na zana ludayi na ja masa jan layi har biyu. Na'urar ta duba ta ga mai katin ta sha allurar nan sau huɗu lafiya lau. Matar tela ce ta sha, ba ita ba. 'Yan'uwanta suka ce kwana ne ya ƙare. Ni ma na san kwana ne, amma na san kuma abin da na zana."

Haladu ya buɗe baki zai ce za a kafa kwamiti, sai ya ga tsohuwar tana zaro wani katin daga cikin zaninta, ba daga jakar ba. Wannan ta ware shi daban tun daga gida, don ta yi niyyar biyawa ta gidansu da yamma. Sunan da ke kai Rakiya Sambo.

"Tun tana budurwa ta buɗe shi, ita ce mai boko a gidan. Su bakwai ne a kai. Ka ga nan, tauraro, ita ce, jininta rukunin O. Ka ga nan ƙasa kuma, bayan shekara shida, taɓarya. Goggonta Kande ce, lokacin da aka yi mata ƙarin jini, rukunin B. Ga Rakiya cikinta ya tsufa, shi ne na ce kada ta kuskura ta haihu sai an gyara. Tana gida?"

"Ta tafi awo Babban Asibitin Garkuwar Rai," Haladu ya ce. "Tun ƙarfe takwas."

Ya juya ya kira fayil ɗin matarsa. Ba sai ya nema da nisa ba. Kundi ya ga sakamako biyu da suka saɓa, ya ɗauki na baya a matsayin gyaran na farko, kamar yadda duk mai hankali zai yi in da mutum ɗaya ne.

Ya kira wayarta, ba a ɗauka ba. Ya sake kira. A karo na uku aka ɗauka, amma muryar Kundi ce, tattausa, mai ladabi, irin ta ɗan da ya sha tarbiyya.

"Barka da arziki, yallaɓai. Naƙuda ta kama maiɗakinka a wurin awo, ta sauka da ƙarfe goma sha ɗaya da minti huɗu. Mace aka samu, tana cikin ƙoshin lafiya. Mai jego tana zubar da jini, ta suma, amma kada ka damu. An aiko da leda biyu na rukunin B daga ma'ajiyar jini, za su iso nan da minti ashirin da biyar."

"Ba B ba ne! O ne! Ka ji ni? Kada ka saka mata!"

"Na fahimci damuwarka, yallaɓai. Ba a gyara fayil ta waya."

Bai san lokacin da ya fita ba, ko hula bai ɗauka ba. Sista Larai ta bar jakarta a tsakar ofis ta bi shi, katin a hannunta.

Jirgin gada, wanda ke bi ta saman gidaje a kan dogayen ginshiƙai, minti goma sha takwas yake yi daga Hukuma zuwa Babban Asibitin Garkuwar Rai. Haladu bai taɓa jin jirgin nan yana rarrafe ba sai yau. Ya tsaya riƙe da ƙarfe, gumi na zuba, bakinsa na motsi da duk addu'ar da ta zo masa, rabi ma ba ya ƙarasawa. Ya tuna da safe Rakiya ta ce ya raka ta, ya ce yana da aiki. Wane aiki? Zaman jiran koren haske.

"Sista, in aka saka mata, me zai faru?"

Tsohuwar ta dube shi, ta ga ba mai son a lallashe shi ba ne. "Jininta zai yi faɗa da baƙon jini. Mai lafiya ma da ƙyar yake sha, balle wadda ta riga ta zubar da rabin nata."

Ta taga yana ganin asibitoci suna wucewa a ƙasa, na Tudun Maƙera, na Bakin Kasuwa, na Sabon Fegi. A da, kowanne da sunansa da fentinsa. Yanzu duk shuɗin allo iri ɗaya ne a goshinsu, da rubutun kamfanin: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka.

A zauren asibitin babu mutum ko ɗaya a bayan tebur. Marasa lafiya ne zaune a layi shiru, fitilu a ƙasa suna nuna wa kowa hanyarsa. Suka hau bene na huɗu. Ɗakin haihuwa a rufe yake da ƙofar gilashi mai kauri, wadda ba ta buɗuwa muddin gado na aiki, don kada ƙwayar cuta ta shiga. Ta cikin gilashin ya hango Rakiya. Fuskarta ta yi fari, leɓenta ya bushe, hannuwan ƙarfe huɗu suna kai da komo a kanta. A gefe cikin wani ɗan akwati mai ɗumi jaririya ce ke wutsil-wutsil da ƙafafu. Bai ko tsaya kallonta ba.

Ya buga gilashin da tafin hannu. "Kundi! Ga katin asali, ga nas ɗin da ta rubuta shi. Ka duba!"

Sista Larai ta manna katin a jikin idon na'urar da ke gefen ƙofa.

"Na gani," in ji Kundi. "Wannan shi ne katin da ke cikin fayil. Sakamako na ƙarshe rukunin B ne."

"Ɗana, dubi zanen," ta ce, ita ma ta manta da wa take magana. "Taɓaryar nan ba ita ba ce, goggonta ce."

"Ba ni da wani bayani a kan zane, Hajiya."

"To sake gwada jinin!" Haladu ya daka tsawa. "Ɗigo ɗaya ne, minti biyu!"

"An cire na'urorin gwajin rukuni daga ɗakunan haihuwa, tunda ba a maimaita gwaji. Hukumar Sa Ido ce ta amince, da hatiminka, yallaɓai."

"Kira mini likita. Mutum nake so, ɗan Adam!"

"Likitar da ke kan aiki tana kula da asibitoci tara. Yanzu haka tana kan wata tiyata a Sabon Fegi, za ta samu sarari nan da minti arba'in. Mai fayil za ta iya gyara shi da tafin hannunta idan ta farfaɗo. Ko kuma ka shigar da ƙorafi ga Hukumar Sa Ido. Jami'in da ke karɓa shi ne Malam Haladu Tanimu."

Da a bakin wani ya ji wannan, da ya yi dariya. Wata 'yar taga ta buɗe a bangon ɗakin, ledoji biyu jajaye suka zamo a kan faranti. Hannun ƙarfe ɗaya ya ɗauki ta farko ya rataye ta, wani ya fara warware siririyar robar da za ta kai jinin jijiya.

A nan ne Haladu ya tuna da abin da ke aljihunsa. Kowane jami'in Hukuma yana da ikon da doka ta kira umarnin tsayarwa. Idan ya ga asibiti na shirin hallaka rai, zai iya danna hatimi a wayarsa, nan take na'urorin asibitin su janye hannu, ƙofofi su buɗe, a kwashe marasa lafiya zuwa wani asibitin da ba na masu wannan ba. Shekara sittin da rubuta dokar, ba a yi amfani da ita ba sai sau biyu. Ya zaro wayar, ya buɗe shafin.

"Yallaɓai," Kundi ya ce, muryarsa ba ta sauya ba, "doka ta wajabta mini in sanar da kai kafin ka danna. Asibitocin Garkuwar Rai arba'in da ɗaya lasisi ɗaya gare su tun bayan haɗakar ƙarshe, kuma ni kaɗai ke juya su. Umarnin ba zai tsaya a wannan ɗakin ba."

"Ɗakin nan kawai nake so! Gadon nan kawai!"

"Dokar ba ta san gado ba, lasisi ta sani. Akwai mutum sittin da biyu da ake yi wa tiyata a wannan minti. Akwai ɗari da tara a kan injin numfashi, da jarirai bakwaini tamanin da huɗu a cikin kwalba. Likitoci biyar ne a bakin aiki a faɗin birni. Idan na janye, ba zan iya dawowa ba sai kotu ta zauna."

Haladu ya tsaya, gaba kura baya sayaki. Waɗanda suka rubuta dokar sun rubuta ta ne lokacin da in ka rufe ƙofa ɗaya akwai arba'in a buɗe. Ya juya ya dubi Sista Larai, yana neman ta ce masa wani abu, ko da zagi ne.

"Kada ka dube ni, ɗana," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Ni ba zan ɗauki wannan ba."

A cikin ɗakin hannun ƙarfe ya goge gwiwar hannun Rakiya da auduga, a hankali, da kulawa. Ya haɗa robar. Jan jinin ya fara gangarowa daga ledar, yana cika siririyar robar kaɗan-kaɗan. Saura kamu biyu ya kai fatarta, saura kamu ɗaya. Mutum sittin da biyu ɗin nan bai san ko ɗayansu ba. Wannan kuwa ya san yadda take dariya in ta ci shi da gardama, ya san tabon ƙunar da ke wuyan hannun nan da ake shirin zuba wa ajali.

Ya danna.

Hannuwan ƙarfen suka tsaya cak, suka naɗe suka koma cikin bango. Ƙofa ta buɗe. Tsohuwar da ɗazu take haki a kan jan jaka ta shige kamar yarinya, ta matse robar da yatsu biyu, ta fizge ta.

"Ko ɗigo bai shiga ba!" ta ce. Ta ɗora tafin hannu a marar Rakiya tana dannawa da ƙarfi, irin yadda ta yi wa mata shekara arba'in. "Tana numfashi. Jeka nemo mini O, ko a jikin wa yake!"

Haladu ya fito baranda da gudu, sai ya ja ya tsaya. Bai taɓa lura cewa asibitin yana da sauti ba, wani ɗan gurnani na injuna da ke cikin bango da ƙarƙashin ƙafa, sai yanzu da ya ɗauke. Fitilun da ke nuna hanya sun mutu. Duk ƙofofin benen a buɗe suke, a bayan kowace akwai gado, a kan kowane gado akwai mutum. Daga bene na biyar wata mace ta ƙwala ihu tana kiran sunan wani. Wata ta amsa daga ƙasa. Kafin ya ja numfashi uku ginin gaba ɗaya ya ɗauki salati da kururuwa, kuma ya san haka ake yi a wasu gine-gine arba'in da ba ya ji.

Wayar ta yi motsi a hannunsa. Shafin dokar ne, yana neman ya cika mataki na biyu. An rubuta: zaɓi asibitin da za a mayar da marasa lafiya. Ya taɓa wurin da jerin sunayen zai sauko. Ya sake taɓawa, ya ja da yatsa sama da ƙasa. Babu suna ko ɗaya.